Na je Ranthambore neman taiga, na dawo da labarin wutsiya

Bakano a Jaipur:
Assalamu alaikum jama'a. Masu tambayar ina na shige ƙarshen makon nan, ga bayani. Mu huɗu muka haɗa kuɗi muka ɗauki shatar mota da direbanta zuwa Ranthambore, dajin nan da ke gefen garin Sawai Madhopur. Shekarata biyu a Jaipur, babban birnin jihar Rajasthan ta Indiya, ina jin ana cewa tafiyar awa uku zuwa huɗu ce, ban taɓa leƙawa ba sai da aka gama jarrabawa.

Mun tashi ranar Juma'a da hantsi, muka bi ta Tonk da gangan don mu samu jam'i a can. Wanda bai san Tonk ba, gari ne da sarakunan Musulmi suka mulka, Nawab ake ce musu, kuma babban masallacinsu abin a je a gani ne, bangon ciki duk zane da ruwan zinare. Bayan an idar mutane suka yi ta miƙo mana hannu suna tambayar daga ina. Muka ci shinkafa da naman akuya a wani ɗan shago, muka kama hanya. Hagu da dama gonakin mastad, wani tsiro da suke matse mai daga irinsa, sun yi rawaya shar, ga raƙuma suna jan amalanke, ga manyan motoci kowacce an rubuta mata a baya cewa a yi mata hon. Da muka kusa Sawai Madhopur sai lambunan gwaiba, ana sayar da ita tuli-tuli a bakin titi, wata ta kai dunƙulen hannu biyu.

Shiga daji sau biyu muka biya, Asabar da safe da kuma yamma. Na safe ba mu ga komai ba sai sawun ƙafa. Na yamma kuwa, Allah shi ne shaida, na ga taiga. Wato na ga bayanta da wutsiyarta tana shigewa cikin ciyawa. Bai fi a ƙirga biyar ba.

Bazazzagi:
Wa alaikumussalam. Wato ka bar Jaipur, ka ƙona mai, ka biya otal, ka dawo mana da wutsiya. Bakano ke nan, ko a daji sai ya yi ciniki an rage masa, an ba shi kashi ɗaya cikin huɗu na dabba.

Bakano a Jaipur:
Kai da ko wutsiyar ba ka gani ba fa? Zauna a Noida ka ci gaba da kallon karnukan unguwa.

Maman Haidar:
Sannunku da hanya. Ni tambayata, me ya sa kuke ta cewa taiga? Ba damisa ba ce da Hausa? Haka muka taso muna ji.

Malam Mai Lissafi:
Hajiya, a nan ne mutanenmu da yawa suke haɗa biyu. Damisa ita ce mai ɗigo-ɗigo a jiki, wadda ke hawa bishiya da abin da ta kama. Ita muke da ita a Afirka, ita kakanninmu suka sani har suka yi mata kirari da ƙi sabo. Taiga kuwa ratsi-ratsi gare ta, baƙi a kan ja-ja, kuma babu ita a dajin Afirka ko ɗaya, dabbar Asiya ce. Shi ya sa Bahaushe bai raɗa mata suna ba, bai taɓa haɗuwa da ita ba. Girma ma ba ɗaya ba: namijin taiga na nan Indiya yana haura kilo 200, damisa kuwa ko rabin haka da wuya ta kai. Su nan sun raba, taiga bagh, damisa tendua. In damisa kike son gani ba sai kin je nesa ba, akwai su a Jhalana, cikin Jaipur ɗin kanta.

Maman Haidar:
Ikon Allah. To ai ni a littattafan makaranta hoton mai ratsin nake gani an rubuta damisa a ƙasa.

Malam Mai Lissafi:
Laifin masu zaɓen hoto ne. Amma in mutum ya ce damisar Indiya ko damisa mai ratsi, ba zan yi faɗa da shi ba, an gane.

Na Yankari:
Ni dai abin da ban gane ba shi ne a biya kuɗi mai yawa a kan abin da ba tabbas. Gidan zu na Delhi akwai taiga, har da fara. Kuɗin shiga kaɗan, ka tsaya ka kalle ta har ka gaji. Mu a Yankari in ba ka ga giwa ba, aƙalla ka yi wanka a Wikki ka huce takaici, gwaggon biri ya sace maka burodi ka samu na ba da labari. Ku me kuka samu?

Bakano a Jaipur:
Na je zu ɗin nan, na ga wadda kake faɗa. Tana kai da kawo a bakin shinge kamar mai jiran albashi. Bari in ba ka labarin safiyar da na ce ba mu ga komai ba, sai ka yi hukunci.

Ƙarfe shida da 'yan mintuna mota ta zo ƙofar otal. Iri biyu ce: ƙaramar jif da suke kira Gypsy mai ɗaukar mutum 6, da babbar buɗaɗɗiya, Canter, mai ɗaukar 20. Duk ba rufi. Watan Janairu, a Rajasthan, da asuba, a buɗaɗɗiyar mota. Wallahi hunturun Kano wasa ne. Otal suka ba mu barguna, abokin tafiyarmu Dogo ya naɗe kansa har ido kamar Buzu. A ƙofar daji aka duba fasfo ɗinmu ɗaya bayan ɗaya, sai lambar ta dace da wadda ke kan takarda.

An raba dajin shiyya 10, kowace mota da shiyyar da aka rubuta mata, ba ta da ikon tsallakawa wata. Da safe mun samu ta 6. Muna cikin tafiya jagoranmu ya ɗaga hannu, direba ya tsaya, ya nuna ƙasa. Sawu ne a kan ƙurar hanya, sabo, gefensa bai ruguje ba, ya ɗora a kan sawun tayar motar jiya. Faɗinsa ya kai tafin hannuna a buɗe. Ya ce mace ce, da daddare ko da asuba ta wuce. Su taiga suna son bin hanyar mota saboda ƙasar da laushi, ba ƙaya.

Muka bi sawun har ya sauka daga hanya. Sai direba ya kashe mota. Shiru. Nan na fahimci abin da ban sani ba: ba da ido ake neman taiga ba, da kunne ne. Jagoran ko kallon daji ba ya yi, ya sunkuyar da kai yana saurare. Can sai wani biri mai baƙar fuska, langur, ya yi wani irin tari daga saman bishiya, kak, kak. Jagoran ya ɗaga yatsa. Jim kaɗan barewar nan mai ɗigon fari, chital, ta yi ƙara siririya. Sannan daga cikin kwari sai muka ji wata ƙara guda mai kauri kamar an danna hon ɗin tirela. Ya ce wannan sambar ce, babbar barewarsu, kuma ita ba ta ƙarya: chital takan firgita a banza, amma in sambar ta yi wannan kukan, to ta gani da idonta. Kukan yana matsawa daga hagu zuwa dama, kana bin tafiyar dabbar da kunnenka ba ka ganin ta. Minti ashirin muna nan. Gashin jikina duk ya tashi, kuma ba sanyi ba ne. Daga baya kukan ya yi nisa, ya ɗauke. Jagoran ya ce ta kwanta.

Wannan ne ba a sayarwa a zu.

Na Yankari:
To na ji. Amma dai da kunne ka dawo, ba da hoto ba.

Baba Alhaji:
Yaro, ka ba da labari yadda ya kamata. Ni ina nan Delhi wajen jinya wata na biyu ke nan, ban da asibiti da masauki ba inda na sani. Abin da ka faɗa na saurare ya tuna mini da mahaifina, Allah Ya jiƙansa, maharbi ne. Yakan ce daji ba ya ɓoye baƙo, tsuntsu ma ɗan rahoto ne. Mu da muka taso muna jin kukan kura a bayan gari, yau jikokina ko dila ba su taɓa gani ba. Ku da Allah Ya kawo ku karatu, ku riƙa fita kuna ganin ƙasa, ba ɗaki da waya kullum ba.

Bakano a Jaipur:
Amin Baba, Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba ka lafiya. In likita ya sallame ka, akwai sabuwar babbar hanyar Delhi zuwa Mumbai da ta bi ta kusa da Sawai Madhopur, ta rage tafiyar sosai. Jirgin ƙasa ma yana tsayawa a garin. Sai dai hanyar cikin dajin duwatsu ce, mota tana jijjiga mutum ba kaɗan ba, wanda aka yi wa aiki ya bari sai ya warware.

Baba Alhaji:
To sai dai wani zuwan, in da rai.

Ɗan Damagaram:
Bakano, ba mu labarin wutsiyar mana. Ka tsaya kana ta jan rai kamar mai sayar da atamfa a Kwari.

Bakano a Jaipur:
Ga shi nan, Badamagare, ku da haƙuri sai a hankali.

Da yamma muka samu shiyya ta 3, a Canter. Duk wanda ya san wurin ya ce mun yi sa'a, don ita ce mai tafkuna, Padam Talao da Rajbagh. Ana shiga ta ƙarƙashin wata tsohuwar ƙofar dutse, saiwoyin bishiya sun sauko sun rufe ta. Sama da kai ga ganuwar Ranthambore a kan dutse, ta yi shekaru ɗaruruwa, wadda sarkin Delhi Alauddin Khalji ya ci da yaƙi a 1301. Cikin dajin ko'ina kangaye ne, rumfunan sarauta da matattakala, ciyawa ta cinye su. A bakin tafki ga kadoji sun baje suna shan ranar yamma, ga sambar sun shiga ruwa har ciki suna cin ganye, ga ɗawisu ko'ina kamar kajin gida. Wani tsuntsu mai dogon bindi ya sauko ya zauna a kan hular wani Bature.

Har rana ta yi ƙasa ba labari. An fara maganar komawa, don akwai lokacin da dole kowace mota ta fita. Sai sambar ɗin da ke cikin ruwa duk suka ɗaga kai lokaci guda, suka kalli wuri ɗaya, ɗaya ta ɗaga wutsiya ta buga ƙafa. Direbanmu ya ja da baya da gudu. Motoci wajen shida suka taru. Kowa ya miƙe tsaye. Ni ina kujerar gefe ta dama, sai na ga ciyawa doguwa ta motsa, ga baya ja mai ratsi yana tafiya a hankali, kafaɗa tana hawa tana sauka, ga farin ɗigo a bayan kunne, sai wutsiya mai zobe-zobe, ƙarshenta baƙi. Ta shige. Ko waiwayowa ba ta yi ba. Mutum sama da hamsin a wurin, ba ta ɗauke mu bakin komai ba.

Na ce Subhanallah da ƙarfi har wata tsohuwa Ba'indiya ta dafa ni tana dariya.

Dogo:
Tunda an zo nan bari in faɗi gaskiya kafin a faɗa a kaina. Ina cikin motar. Ban gani ba. Hular kyamarata ce ta faɗi ƙarƙashin kujera, na sunkuya ɗaukowa, na ɗago na ji ana ta salati.

Bazazzagi:
Innalillahi. Dogo, duk tsawon nan naka?

Dogo:
Bari kawai. Har Jaipur ba wanda na yi wa magana.

Jauro:
Ni kuma wani abu ne yake cina. Dajin nan ai ba a sama yake ba, akwai ƙauyuka kewaye da shi. Masu shanu fa? Mu mun san abin da ake nufi in aka ce an killace daji. Baƙo ya zo daga wata ƙasa ya ɗauki hoto, mai saniya kuma a ce kada ya shiga inda kakansa ya yi kiwo.

Malam Mai Lissafi:
Tambayarka tana kan hanya, Jauro, kuma ba a ɓoye take ba. Dajin nan asalinsa wurin farautar sarakunan Jaipur ne. A 1961 ma Sarauniyar Ingila da mijinta sun je, mijin ya harbe taiga a can. Da dabbar ta kusa ƙarewa, gwamnatin Indira Gandhi ta yi dokar kare namun daji a 1972, ta kafa shirin Project Tiger a 1973 da dazuzzuka 9, Ranthambore na ciki. A shekarun nan aka tashi ƙauyuka da dama daga tsakiyar dajin aka mayar da su waje. Jami'in da ya jagoranci aikin, Fateh Singh Rathore, a 1981 masu kiwo suka yi masa dukan kawo wuƙa saboda rikicin shiga da dabbobi. Har yau in taiga ta kashe saniya akwai diyya da hukuma ke biya, kuma har yau ana ƙorafi a kanta. Wani lokacin ma ba saniya ba ce, mutum ne.

Amma ka duba ɗaya gefen. Dajin Sariska, nan kusa da garin Alwar, an wayi gari wajen 2005 babu taiga ko ɗaya, mafarauta sun gama da su ana ta rubuta a takarda cewa suna nan. Sai a 2008 aka ɗauko daga Ranthambore aka mayar. Ƙidayar 2006 ta ba da 1,411 a duk Indiya. Ta 2022 ta ba da 3,682, kusan kashi uku cikin huɗu na duk taigar dajin duniya. Da ba a killace ba, da yanzu sai a hoto.

Jauro:
Lissafinka daidai ne Malam, amma lissafin taiga ne. Wa ya ƙirga shanun da aka rasa, da gonakin da aka bari? Ni ban ce a bar ta ta ƙare ba. Cewa nake wanda ya biya kuɗin zamanta ba shi ne yake cin ribarta ba. Otal-otal ɗin nan na wa ne?

Bakano a Jaipur:
Manyan dai ba na 'yan ƙauye ba ne, wannan a fili yake. Amma jagoranmu ɗan wani ƙauye ne a gefen dajin, ya ce mahaifinsa har yanzu yana da ɓauna, irin ta gida da suke kiwo kamar shanu, kuma shi da wannan aikin yake riƙe gidan. Direbobi, masu dafa abinci, masu gadi, matan da ke ɗinka kayan tsaraba, duk 'yan yankin ne. Na tambaye shi ko mutanensu suna son taiga. Ya yi dariya ya ce wanda ɗansa ke tuƙa Gypsy yana sonta, wanda ta cinye wa maraƙi kuma sai a hankali.

Jauro:
To ka ga ya ba ka amsata.

Na Yankari:
Wannan kam gaskiyar Jauro ce. Ko a wajenmu manoman da ke gefen Yankari, in giwaye suka shiga gona dare ɗaya sun gama da noman shekara. Ka je ka ce wa mutumin nan giwa dukiyar ƙasa ce ka ji abin da zai faɗa maka.

Ɗan Damagaram:
Mu ma raƙuman dawa na Kure haka suke cin wake a gonakin mutane. Sai dai su ba sa cin mai gonar.

Maman Haidar:
Kun fara ba ni tsoro. Ina son kai yara hutu mai zuwa, su Haidar kullum maganar dabbobi. Motar ba rufi kuka ce? Ba ta faɗo wa mutane?

Bakano a Jaipur:
Hajiya, mun ga iyalai da yara da yawa a Canter. Taigar wurin sun saba da mota tun suna ƙanana, ba sa kula ta. Sharaɗin dai ba a sauka, ba a ihu, ba a miƙa hannu waje, ba a ba dabba abinci. Haɗarin yana ga mai tafiya a ƙasa. In za ki hau ganuwar, wadda ake zuwa da ƙafa, ki riƙe su kusa, ki kuma ɓoye abinci saboda birai. Akwai wurin bautar Ganesh, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Hindu, a sama, mutane ba sa yankewa, har katin gayyatar biki suke aiko masa ta gidan waya.

Abin da zan ce ki kiyaye: ki yi rajista da wuri a shafin hukumar dazuzzukan Rajasthan, don shiyya ta 1 zuwa ta 5 suna saurin cika. Mu mun makara, muka bi ta hannun wani dillali, ya ɗora mana nasa a kai, ya kuma rantse mana cewa Gypsy ce duka biyun, muka zo da yamma muka tarar da Canter. Kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa sosai, katin makaranta bai cece mu ba. Ki tafi da fasfo na kowa, otal ma sai sun cike fom ɗin baƙi da shi. Abinci kuwa yawancin wuraren ganye ne, in kina son nama na halal sai cikin gari wajen unguwannin Musulmi. Sannan daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba manyan shiyyoyin a rufe suke saboda damina.

Malam Mai Lissafi:
In ganin taigar ne gaba da komai, a je Afrilu ko Mayu. Ganye ya zube, ƙananan ruwaye sun ƙafe, dole ta zo tafki, kuma ita dabba ce mai son kwanciya a ruwa. Sai dai zafin yana wuce digiri 40. A tafkunan nan ne wata shahararriyar taiga mai suna Machli ta yi zamaninta, wadda aka ɗauka a bidiyo tana kashe babban kada, ta mutu a 2016. Zuriyarta ce take riƙe da wajen. Kowace taiga ratsinta daban ne kamar zanen yatsa, da shi ake gane su a ba su lamba. Da Bakano ya samo hoto ko na gefen ciki ne, da an faɗa masa wace ce ya gani.

Ɗan Damagaram:
Zafi 40 ai mu sanyin safiya ne. A sa ni a lissafin Afrilu.

Bazazzagi:
Ni ma zan je, don in ga gaban dabbar in zo in ba Bakano labarin yadda fuskarta take.

Jauro:
In za ku, ku biya ta Delhi ku ɗauke ni. Amma ni rana ɗaya zan bar ku da dajinku in shiga ƙauyen jagoran nan, ina son ganin ɓaunayen babansa.

Dogo:
Na dai duba kyamarar yanzu. Ashe da na ɗago na danna sau ɗaya. Ga shi na turo.

Maman Haidar:
Dogo, ni ciyawa nake gani da ƙeyar wani mutum.

Bakano a Jaipur:
Ku buɗe shi sosai, ku duba ƙasa ta dama, kusa da kunnen mutumin. Baƙin nan.

Na Yankari:
Wannan ai igiyar kyamara ce.